Wankan Jego a Virginia

Tun da na dawo daga Amurka ban samu na ci tuwona da zafinsa ba. Wannan ta shigo, waccan ta fita, kowa da tambayarta. Wai da gaske ne ba su da katanga? Da gaske ne namiji ke wanke-wanke? Tsoffin abokan aikina na firamare a nan Gaya, waɗanda muka yi ritaya tare, sun ce ba za su karɓi labarin baki ba, tunda malama ce ni in rubuta. Dangin maigidana Malam na Toranke ma sun aiko suna jira. To ga shi na rubuta. Wadda ta sake tambayata zan miƙa mata takarda in ci gaba da cin tuwona.

Autata Rukayya ce ta kai ni. Mijinta Kabiru ɗan Gafasa ne, yana aikin jinya a wani asibiti a jihar Virginia, ita kuma ta bi shi can. Da cikinta na fari ya tsufa, gida ya kamata ta dawo ta haihu a gabana in yi mata wanka, amma likita ya hana ta hawa jirgi. Shi ke nan aka ce uwa ta bi 'ya. Sai dai ba wankan kaɗai ya tashe ni ba. Duk sanda muka yi waya ta bidiyo, falon nan nata shiru nake jinsa, ba sallama, ba kukan yaro, ba motsin kowa. Ran nan na ce mata, "Wai wa ke shigo miki?" Ta ce, "Ba kowa, Umma. Nan ba a shiga gidan mutane." Ta yi dariya, amma na san dariyar 'yata. Yarinyar da ta tashi a gidan da sai an kori maƙwabta kafin a yi shara, ita ce ke wuni ita kaɗai. Na ƙudurta a raina ba zan baro ƙasar nan ba sai na samar mata wadda za ta ƙwanƙwasa mata ƙofa in Kabiru yana wurin aiki.

Neman biza ya kai ni Abuja. Wani saurayin Bature a bayan gilashi ya tambaye ni ko zan dawo. Na ce masa na bar miji da awaki a gida, kuma a cikinsu ba wanda ya iya dafa wa kansa abinci. Ya yi dariya har ya dafe goshi, ya karɓi fasfo ɗina. Wadda ke bayana a layi ta ce in koya mata addu'ar da na yi.

Ranar tafiya gidanmu ya cika. Yayar Malam ta zo daga Toranke da daddawa da kanwa da surfaffen gero. Mahaifiyar Kabiru ta aiko da kilishi da yajin jego. Ni kuma na sa kuka da kuɓewa busasshiya da turaren wuta da atamfofi. Malam ya raka ni Kano a motar haya, kuma tun daga tashar Gaya har muka haye gadar Wudil huɗuba ɗaya yake yi mini: "Kin san bakinki. Ƙasar mutane za ki. Abin da bai shafe ki ba, ki bar shi." Na ce to. Direban ma sai da ya leƙo ta madubi ya ce, "Hajiya, wannan to ɗin ban yarda da shi ba."

A Alƙahira muka sauya jirgi. Nan na shiga banɗaki zan yi alwala na tarar da famfo ba abin murɗawa. Na danna, na ja, na bubbuga, ko ɗigo. Ina janye hannu sai ruwa ya zubo, ina mayarwa ya ɗauke. Wata 'yar Sudan mai shara ta tsaya tana kallona har ta gaji, ta kama hannuna ta tara shi a ƙarƙashin famfon yadda ake yi wa yaro. Ba mu jin yaren juna, amma mun yi dariya mun ƙoshi, ta ba ni dabino. Jirgi na biyu kuwa ya daɗe a sama har na fara tunanin direban ya ɓata hanya. Abincin da suka ba mu, kaza ce da ba gishiri ba barkono, na ciro yajin Rukayya na taɓa kaɗan, Allah ya yafe mini.

A filin jirgin Washington wani kare ya tsaya a kan jakata ya ƙi tafiya. Aka kai ni gefe, wata ma'aikaciya mai safar hannu ta buɗe. Kilishi ta fara ɗagawa, ta ce nama ba ya shiga ƙasarsu, ta jefa shi a kwando ina kallo. Raina ya sosu, don na san wahalar da tsohuwar nan ta sha kafin ta haɗa shi. Sai ta ɗauko kanwa ta juya ta, ta kira abokin aikinta, suka tsaya a kanta kamar sun kama babban mai laifi. Na ce da ita ake dama kunun mai jego. Da ta kwance ledar daddawa kuwa, ba ta ƙara tambayar komai ba. Ta ɗaure da sauri, ta ja da baya, ta ce in kwashe kayana in tafi, barka da zuwa.

Kabiru ya tarye ni. Tafiyar mota zuwa garinsu ta kai kamar daga Kano zuwa Kaduna, titi sumul, ba wanda ya tare mu ya ce a ba shi na goro. Rukayya na tsaye a ƙofa da cikinta har ƙirji. Na yi niyyar in dake kamar yadda uwa ke yi, amma da ta faɗo jikina ban san sanda na fashe da kuka ba.

Gidan na katako ne, in ka ƙwanƙwasa bango sai ya amsa maka. Ba katanga, ba zaure. A gaban kowane gida ciyawa ce kore shar, suna ba ta ruwa, in ta tashi su yanke su zubar a shara. Na tuna awakina na ji kamar in yi kuka. Teburin cin abinci ɗaya ne, Kabiru ya ja mini kujera wai mu ci tare. Na ce Allah ya kiyaye in tauna abinci a gaban surukina, na ɗauki kwanona na shige ɗaki. Da safe na fito na same shi yana wanke tukunya, sai na koma da baya don kar ya ji kunya. Rukayya ta ce, "Umma, ba ya jin komai fa. Ke kaɗai ke jin kunyar."

Abin da na fara lura da shi a unguwar shi ne alluna. Kusan kowane gida an kafa ɗan allo a cikin ciyawa, wasu ja, wasu shuɗi. Na ɗauka gidajen ake sayarwa. Kabiru ya ce a'a, rigima ce. Makarantar unguwar tana ɗauke da sunan wani shugaban Turawan Ingila da suka fara zama a wannan yanki shekaru ɗari huɗu da suka wuce. Wasu sun ce a cire sunan, domin mutumin ya ƙona garuruwan mutanen da ya tarar. Wasu sun ce a bar shi, tarihi ne. Ga zaɓen hukumar makarantu ya ƙarato, shi ya sa abin ya yi zafi. Gidan da ke damanmu na wata Helen ne, allonta na cewa a bar suna. Na hagu na wata Dona ne, nata na cewa a cire. Da aminai ne, 'ya'yansu tare suka tashi, amma tun wani taron gari da suka faɗa wa juna magana ba su ƙara gaisawa ba.

"Shi ya sa muke kama kanmu, Umma," in ji Kabiru. "Mu baƙi ne. In muka shiga gidan wannan, waccan za ta ce mun ɗauki ɓangare."

Na ce, "Sai ku zauna ba maƙwabci ko ɗaya?"

Ya sunkuyar da kai. Ni kuma na tuna huɗubar Malam, na kwana biyu ina riƙe da ita.

Abin da ya karya ta, tausayi ne. Kullum da safe ta taga nake ganin Helen tana fita. Dattijuwa ce fara sol, mijinta ya rasu. Kaya ɗaya ne a jikinta kullum: wani dogon siket mai kauri launin ƙasa, riga duk faci, farin ƙyalle a ka, takalmi kamar na kakan kakana. Na ce a raina, ashe a Amurka ma akwai wanda duniya ta juya wa baya haka, kuma maƙwabta na gani. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauki atamfa mai kyau cikin waɗanda na kawo, na naɗe a leda, na je na ƙwanƙwasa. Da Turancina na malamar firamare na ce mata ta yi haƙuri, ba yawa, ta ɗinka ta riƙa canzawa.

Ta dubi atamfar, ta dubi siket ɗinta, sai ta zauna a bakin ƙofa tana dariya har da hawaye. Da ƙyar ta iya gaya mini cewa kayan aiki ne. A Jamestown take aiki, inda Turawan nan suka fara sauka. An sake gina garin yadda yake a da, ita kuma tana sa kayan matan zamanin tana nuna wa masu ziyara yadda suka rayu. Kunya ta rufe ni, na miƙa hannu zan karɓi kayana. Ta rungume atamfar ta ce ai kyauta ba ta komawa, ko a ƙasarmu tana komawa? Na ce ba ta komawa. Ta ce to in zo in ga wurin aikinta.

Muka je da Rukayya, tunda likita ya ce ta riƙa tattaki. Jama'a, na ƙetare teku, an ƙwace mini kilishi, don in zo in ga ɗakin jinka. Ɗakuna ne na yaɓe da rufin ciyawa, an kewaye su da shingen itace. Ga murhu, ga tukunyar ƙarfe, ga kaji na kiwo, ga ganyen taba an rataye. A gefe kuma an yi irin garin mutanen da suka tarar, da turmi da taɓarya da masara. Mutane sun yi layi suna ɗaukar hoton turmi. Wani ƙato ya ɗauki taɓarya yana dukan masarar nan tana tsalle waje, har na kasa daurewa na karɓa na nuna masa. Kafin in ɗago an kewaye ni ana tafi. Rukayya ta ɓuya a bayan bishiya wai ba ta san ni ba.

Helen ta kai mu bakin kogi inda aka ajiye kwatankwacin jirage uku da suka zo da su. Na leƙa ƙaramin, na ce ko zuwa tsallaken kogin Wudil ba zan shiga wannan ba. Nan ta ba mu labari, kuma ban ji ta ɓoye komai ba. Ta ce zinariya suka zo nema, da yawansu ba su taɓa riƙe fartanya ba. Suka zauna a fadama, ruwan sha ya yi ta kashe su. Masarar mutanen ƙasar ce ta raya su, wani lokaci da ciniki, wani lokaci da bindiga. Akwai wani lokacin sanyi da yunwa ta sa suka cinye dawakansu da karnukansu har da fatar takalmi. Da suka gano taba tana kawo kuɗi, sai suka yi ta cin ƙasa suna tura masu ita gaba, daga baya aka fara kawo baƙaƙen fata daga Afirka suna yi musu noman. Da ta zo nan sai ta dube ni. Ni kuma na tsaya ina kallon ruwan.

Na ce, "To tunda kin san duk wannan, me ya sa kike son a bar sunan?"

Ta ce, "Mijina a makarantar nan ya koyar har ya mutu. In na ji sunan, shi nake tunawa, ba wancan mutumin ba. Kuma ina tsoron in aka goge suna, yara su daina tambayar ko wane ne."

Dona kuwa a gona na same ta. Bayan gidanta ta shuka masara da wake da kabewa a haɗe, yadda muke haɗa gero da wake. Na gan ta tana ɓare masara ita kaɗai, na ce sannu da aiki, na ja kujera na sa hannu. A wurinmu wannan ba ya buƙatar izini. Ta dube ni da mamaki, sannan ta turo mini kwando. Tsohuwar direbar motar makaranta ce, mai faɗin fuska da kaifin harshe, jikar mutanen da Turawan suka tarar. Ta ce ta ga na kai wa Helen kaya. Na ce ita ma nata na nan, ba a aiko ni in zaɓa ba.

Na gaya mata mu mutanen Gaya mun san rigimar wa ya riga wa, domin har gobe muna tuna wa Kanawa cewa maƙeranmu ne suka fara zama a gindin Dala, su kuma suna yi kamar ba su ji ba. Ta yi dariya. Sai na ba ta labarin gonar Malam ta Toranke da mahaifinsa ya ara wa wasu Fulani da suka zauna. Har yau in an yi girbi sukan kawo dami ɗaya. Ba don muna buƙata ba, don kowa ya tuna gonar ta wace ce. Dona ta ajiye masarar hannunta. Ta ce su ma akwai irin wannan. Duk shekara in kaka ta yi, mutanenta kan kai wa gwamnan jiha barewa, bisa wata tsohuwar yarjejeniya da aka yi da Turawan.

Na ce, "Tsaya. Ku ke kaiwa?"

"Mu ke kaiwa."

"Mai gona ke kai wa baƙo dami?"

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ce, "Haka abin ya juye. Amma ba ma fasawa. Duk shekarar da muka kai, dole gwamna ya fito ya karɓa, ya yarda muna nan ba mu ƙare ba. Su sun karya alkawura da yawa. Mu namu muna riƙe da shi." Sannan ta ce jikanta a makarantar nan yake, kullum yana shiga ƙarƙashin sunan wanda ya ƙona rumbunan kakanninsa. Na dawo gida na rasa wadda zan ba gaskiya. A Gaya da wuya a yi rigima ban san ɓangarena ba, amma wannan ta fi ƙarfina.

Ana haka Rukayya ta haihu, mace, lafiya lau. Murnar da na yi ba ta faɗuwa. Na yi guɗa a asibiti, ma'aikatan jinya suka rugo a guje suna tambayar wa ya faɗi. Da aka sallamo mu na fara aikina. Ba murhu ba itace, a tukunyar lantarki nake dafa ruwa, tawul ya maye gurbin ganye. Na dama kunun kanwa, Kabiru ya samo ƙafar saniya. Sai ran nan da hantsi, Kabiru na wurin aiki, na kunna gawayi na zuba turaren wuta don ɗakin mai jego ya yi ƙamshi. Wani abu a rufin ɗaki ya fasa ihu, ashe na'urar gargaɗin gobara ce ta ji hayaƙi. Na yi salati, na rasa inda zan kama, Rukayya na riƙe da jaririya tana ce mini in buɗe taga. Kafin in kai ga tagar an turo ƙofa. Helen ce da tulun kashe gobara, Dona a bayanta da bargo, ba takalmi a ƙafarta. Da suka ga kaskon turare sai suka tsaya cirko-cirko. Dona ta hau kujera ta kashe abin, Helen ta buɗe tagogi. Ba wadda ta dubi 'yar'uwarta. Amma ni na ga abin da nake nema: duka biyun sun rugo.

Saboda haka da suna ya zo na sa alawa da dabino a faranti na kai wa kowacce, na ce al'adarmu maƙwabci ba ya rasa suna. Kabiru ya ce, "Umma, in suka yi faɗa a gidan nan fa?" Na ce to a raba su, ba a taɓa suna ba hayaniya ba. Aka yanka rago a wata gona, limami ya raɗa suna Hauwa'u, sunan mahaifiyar Kabiru, muna kiranta Ummi. 'Yan Najeriya da 'yan Nijar da ke zuwa masallacinsu suka zo da iyalansu, falo ya cika har waje. Na yi waina da miyar taushe da kabewar Dona.

Helen ta shigo ta ɗaura atamfar nan a kan wando, ɗaurin ya karkace. Dona ta zo da burodin masara. Ni kuwa na yi abin da kowace mace a Gaya za ta yi da baƙi biyu sa'o'in juna: na shimfiɗa musu tabarma ɗaya, na ajiye tire ɗaya a tsakaninsu, na ba su ruwan wanke hannu. Ban san cewa a can kowa da farantinsa ba, ko mata da miji. Rukayya ta zaro ido daga nesa. Suka zauna kamar an kawo su gaban alƙali. Da ƙyar suka fara ci, kowacce tana gutsura daga can bakin tire. Yajin ya kama Helen ta hau tari, fuskarta ta yi jawur. Dona ta tura mata kofin ruwa ba tare da ta dube ta ba, ta ce, "Shekara ɗari huɗu, har yau ba ku iya cin abincin mutane ba."

Helen ta sha ruwa ta ce, "Ke kuma kin ce a gaban gari wai kayan ɓarayi nake sawa ina karɓar albashi."

"Ke kika fara cewa abin da ya wuce ya wuce."

"Ban kyauta ba da na faɗi haka. Amma sunan dai ban canza ra'ayi ba."

"Ni ma haka."

Na ga abin zai yi nisa, sai na ɗauko Ummi na ɗora a cinyar Dona, na ce wa Helen ta riƙe mata kai. Da jaririya a tsakani dole suka rage murya. Suka ci gaba da musunsu a hankali, suna yi suna cin waina, har tiren ya ƙare.

Ba zan ce muku sun shirya ranar ba, don ba su shirya ba. Abin da ya faru shi ne kowacce ta fara shigowa. Helen kan biyo da yamma in ta taso aiki, da kayanta na faci, ta ɗauki Ummi Rukayya ta samu ta runtsa. Dona kan zo da safe, na koya mata goyo da zani, ta koya wa Rukayya hanyar kasuwar manoma. Da farko in ɗaya ta ji muryar ɗaya sai ta juya. Daga baya suka daina juyawa. Aka yi zaɓe, kowane ɓangare ya ce shi ya yi nasara, maganar suna kuma aka kafa mata kwamiti. Na ce ashe ba mu kaɗai muka iya wannan ba. Allunan dai na nan a ciyawa har na taho.

Da muka yi arba'in, ranar komawata ta zo. Na tashi da nauyin zuciya. Rukayya ta yi ƙiba ta yi kyau, amma tun safe take bina ɗaki-ɗaki kamar lokacin da take ƙarama. Shigowar maƙwabta don ganin jaririya daban, tsayawa a kan mutum in ya shiga matsala daban, kuma ban san wanne na samar mata ba. Kabiru na sa jakunkuna a mota sai ga su sun fito sallama, kowacce daga ƙofarta. Na kira su. Na kama hannun Rukayya na ce musu a wurinmu in uwa za ta bar 'yarta a wani gari, takan sa hannunta a hannun wata babba ta ce ga amana. Rukayya ta fassara musu kalmar da kyau: abin da aka ba ka ajiya, wanda za a tambaye ka a kansa ko bayan ka mutu. Na ce ba wasa ba ne, wadda ba za ta iya ba ta faɗa yanzu, ba zan ji haushi ba.

Dona ta miƙo hannu nan take ta ce ta karɓa. Sannan ta dubi Helen ta gefen ido ta ce, "Sai dai ki yi tunani kafin ki ba wannan. Kakannina sun taɓa ba danginta irin wannan ajiyar."

Na ɗauka Helen za ta yi fushi ta koma gida. Ta yi ja har wuya. Ta ce, "An ba su, sun ci. Ba sai kin tuna mini ba, kullum ni ke gaya wa yaran makaranta." Ta goge tafinta a jikin siket ɗin nan mai faci, ta miƙo mini. "Ba ni hannun yarinyar. Ke kuma Dona ki zauna ki sa mini ido, tunda kin iya."

"Zan sa kuwa," in ji Dona.

Na ɗora hannun 'yata a kan nasu biyun, na yi addu'a da Hausa, suka ce amin yadda suka ji Rukayya ta faɗa. Na shiga mota ina share hawaye da bakin mayafi. Da muka kai kwanar titi na waiwaya. Rukayya ba ta tsaya kallon motar ba. Sun sa ta a tsakiya sun juya da ita cikin gida, Dona na goye da Ummi, Helen na gyara mata zanin tana ce mata ba haka ake ɗaurewa ba.